Ra'ayinmu: Ɗalibi A Ƙasar Waje Jakada Ne

A kowace shekara ofisoshin jakadancin ƙasashen waje da ke ƙasar nan sukan aika wa Ma'aikatar Ilmi takardu, suna sanar da ita cewa gwamnatocinsu sun keɓe wa 'ya'yan Nijeriya guraben karatu kaza a jami'o'insu, wasu ma har da kuɗin jirgi da na abinci da wurin kwana. Da zarar labari ya bazu sai ka ga matasa sun duƙufa wajen cike fom, wasu sun yi dafifi a ƙofar hukumomin ba da sikolashif, kowa da takardunsa a hammata, iyaye kuma suna ta kai da kawowa don neman wanda zai sa baki. Galibin masu neman, har da waɗansu daga cikin ma'aikatan da ke tace sunayen, ɗauka suke yi wannan sadaka ce kurum daga masu hali zuwa ga marasa hali.

Ba mu musa cewa akwai alheri a cikin al'amarin ba, kuma duk wanda ya taimaki ɗanka ya sami ilmi ya cancanci godiya. Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Babu gwamnatin da za ta ɗebi kuɗin harajin talakawanta ta ciyar da ɗan wata ƙasa shekara huɗu ko shida ba tare da ta yi lissafin abin da zai dawo mata ba. Abin da take fata shi ne, yaron da ya sha ruwan garinsu, ya iya harshensu, ya yi abokai a cikinsu, gobe in ya zama babban sakatare ko minista ko shugaban sojoji, zai saurare su da kunnen sani. Wannan hanya ce ta hulɗar jakadanci wadda ta fi ta jakadu arha, ta kuma fi ta daɗewa. A ganinmu wajibi ne ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su san tarihinta, domin wanda bai san dalilin da ya sa aka gayyace shi biki ba, ba zai san irin rawar da ta kamace shi ba.

A can farko mai neman ilmi shi ne yake ɗaukar nauyin kansa, ko kuma sarkinsa ya ɗaukar masa. Tun a ƙarni na 13 mutanen daular Kanem suka ba da dukiya aka gina makaranta da masauki a Alƙahira, wadda aka sani da sunan alƙali Ibn Rashiƙ, domin alhazansu da almajiransu, suka kuma riƙa aika mata kuɗi daga gida. Daga bisani a cikin Azhar kanta an sami sashe na musamman na ɗaliban Barno. Wannan masauki ya sa sarakunan Masar suka san da zaman wata daula a bakin Tafkin Chadi wadda ke daraja ilmi. A 1826 Muhammadu Ali Basha na Masar ya tura matasa kimanin 40 zuwa Paris, ya haɗa su da wani malamin Azhar, Rifa'a al-Tahtawi, don ya riƙa yi musu limanci. Limamin ya fi waɗanda ya rako ƙwazo, ya shekara 5 yana koyon Faransanci da ilmin zamani, da ya koma gida kuma ya shugabanci makarantar harsuna da aka buɗe a 1835, inda aka fassara littattafai masu yawa zuwa Larabci. Haka Japan ta yi a 1871, sa'ad da ta tura babbar tawaga zuwa Amurka da Turai tare da ɗalibai, ciki har da 'yan mata 5. Ƙaramarsu, Tsuda Umeko, shekararta 6 a lokacin, kuma ita ce ta kafa kwalejin mata a Tokyo a 1900. Duk waɗannan ƙasashe sun san abin da suka aiki 'ya'yansu su ɗebo, sun kuma tanadi wurin da za a zuba shi.

Al'amarin ya sake salo a farkon ƙarni na 20, lokacin da mai masauki ya fara biyan kuɗi don baƙo ya zo. Cecil Rhodes, Baturen nan da ya tara dukiya daga ma'adinan kudancin Afirka, wanda kuma aka laƙaba sunansa ga ƙasashen da yanzu ake kira Zambiya da Zimbabwe, ya mutu a 1902 ya bar wasiyya cewa a riƙa zaɓo zaratan samari ana kai su Jami'ar Oxford. Mafi yawan guraben ya ba Amurka ne da ƙasashen da Turawan Ingila suka yi kaka-gida, ya kuma ƙara wasu kaɗan don Jamusawa, bisa tunanin cewa in manyan gobe na Ingila da Amurka da Jamus suka tashi a ɗaki ɗaya, ba za su ɗauki makami a kan juna ba. Bai ɓoye manufarsa ba: so yake daular Ingila ta ɗore. Lissafinsa game da Jamus bai yi daidai ba, don kuwa sau biyu ana dakatar da guraben Jamusawa saboda yaƙi. Amma game da Amurka shukarsa ta yi yabanya, domin cikin waɗanda suka ci gajiyar wasiyyar har da Bill Clinton, wanda ya je Oxford a 1968, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1993.

Amurka ba ta daɗe ba ta gane amfanin wannan dabara. Bayan boren da Sinawa suka yi wa baƙi a 1900, wanda Turawa suka kira boren Boxer, manyan ƙasashe sun taru sun ɗora wa Sin diyyar awon azurfa miliyan 450. Rabon da Amurka ta karɓa ya zarce asarar da ta yi. A 1906 shugaban Jami'ar Illinois, Edmund James, ya rubuta wa Shugaba Theodore Roosevelt takarda yana nuna masa cewa duk ƙasar da ta ilmantar da samarin Sin na wannan zamani, ita za ta kwashi riba mafi tsoka ta fuskar tasiri da ta ciniki. A 1908 Majalisar Amurka ta yarda a mayar da rarar, bisa fahimtar cewa za a kashe ta wajen karatun Sinawa a Amurka. Rukunin farko ya tashi a 1909, a 1911 kuma aka buɗe makarantar share fage ta Tsinghua a Beijin, wadda ta girma ta zama ɗaya daga cikin manyan jami'o'in duniya. Hu Shih, wanda ya tafi a 1910, shi ne ya zama jakadan Sin a Amurka daga 1938 zuwa 1942. Abin lura a nan shi ne, kuɗin na Sinawa ne tun asali, amma godiyar Amurka ce ta kwashe.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi. Sanata William Fulbright, wanda shi kansa da kuɗin wasiyyar Rhodes ya yi karatu a Oxford, ya lura cewa Amurka ta bar tarin kayan yaƙi a ƙasashe daban-daban, motoci da injuna da tufafi, waɗanda kwaso su ya fi barinsu tsada, ƙasashen kuma ba su da dalar da za su saya. Sai ya kawo shawara a sayar musu da kuɗin ƙasarsu, a yi amfani da kuɗin wajen musayar ɗalibai da malamai. Shugaba Truman ya sa wa dokar hannu ranar 1 ga Agusta, 1946. Bambancin wannan shiri da na baya shi ne, hanya biyu ce: baƙi su zo Amurka, Amurkawa su ma su fita. Daga lokacin zuwa yanzu fiye da mutum 400,000 sun shiga cikinsa. Ingila ma ta bi sahu da sikolashif ɗin ƙasashen Kwamanwel a 1959, da na Chevening a 1983.

Misalin da ya fi kowane nuna alherin wannan hanya shi ne na Faransa da Jamus. Waɗannan maƙwabta sun gwabza yaƙi sau uku cikin shekara 70, a 1870 da 1914 da 1939, har ƙiyayya ta zama abin gado. A watan Janairu na 1963 Janar de Gaulle da Konrad Adenauer suka ƙulla yarjejeniyar zumunci, a cikin wannan shekara kuma suka kafa ofishi na musamman wanda aikinsa kawai shi ne kai yaran Faransa gidajen Jamusawa, da kawo yaran Jamus gidajen Faransawa. Miliyoyin matasa sun bi ta wannan ƙofa. A 1987 ƙasashen Turai suka faɗaɗa tunanin da shirin Erasmus, wanda ya fara da ɗalibai 3,244 a shekarar farko, inda ɗalibi zai yi wani ɓangare na karatunsa a jami'ar wata ƙasa a kuma lissafa masa a gida. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana. Yana da wuya ka tura mutum ya harbi garin da ya taɓa kwana a cikinsa, aka ba shi abinci, aka raka shi tasha.

Mu a Afirka, zamanin yaƙin cacar baka ne ya sa aka fara rububinmu. Yayin da ƙasashenmu ke karɓar mulkin kai, ba su da isassun likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan mulki, Gabas da Yamma kuma kowa ya san cewa wanda ya horar da waɗannan 'yan ƙalilan shi zai sami kunnen sababbin gwamnatoci. A watan Fabrairu na 1960 Tarayyar Sobiyat ta kafa Jami'ar Zumuntar Al'ummai a Mosko don ɗaliban Afirka da Asiya da Latin Amurka, bayan kisan Patrice Lumumba a 1961 kuma ta sa mata sunansa. A Kenya, ɗan siyasar nan Tom Mboya ya shirya jigilar ɗalibai zuwa Amurka, jirgin farko ya ɗebi 81 a watan Satumba na 1959. Da kuɗi suka yanke a 1960, gidauniyar iyalan Kennedy ce ta ba da dala 100,000, a daidai lokacin da John Kennedy ke neman shugabancin ƙasa. Cikin waɗanda suka tafi a wannan shekara akwai Wangari Maathai, wadda ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004. José Eduardo dos Santos, wanda ya mulki Angola daga 1979 zuwa 2017, a birnin Baku na Tarayyar Sobiyat ya karanta injiniyancin man fetur. Kyuba, duk da ƙarancin arzikinta, ta buɗe makarantu daga 1977 a wani tsibiri nata don dubban yaran Mozambik da Angola da Habasha da Namibiya.

Ƙasashen Larabawa su ma ba a bar su a baya ba. A zamanin Jamal Abdul Nasir, Masar ta gina unguwa guda ta masaukin baƙin ɗalibai don masu zuwa Azhar, Saudiyya kuma ta buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, wadda mafi yawan gurabenta na 'yan ƙasashen waje ne. Kowa a Arewa ya san irin tasirin da waɗanda suka fito daga waɗannan wurare suka yi a makarantu da kotuna da masallatai. Turawan mulkin mallaka sun hango haka tun da wuri, shi ya sa a 1954, da aka tashi tura matasan malaman Arabiyya na Arewa ƙaro ilmi, ciki har da Malam Abubakar Gumi, sai aka kai su Bakht al-Ruda a Sudan, inda Ingila ke da iko, aka kauce wa Alƙahira da guguwar siyasarta. Da zamani ya juya, Sin ta shigo filin da ƙarfinta: ita da ta tura rukunin masana 52 zuwa Amurka a watan Disamba na 1978 don su ɗebo mata ilmi, a taron Beijin na 2018 ita ce ta yi wa Afirka alkawarin guraben karatu 50,000.

To, sai dai akwai wani darasi da tarihin ya maimaita har ya gaji, wato ɗan Adam ba tulu ba ne da za ka zuba masa abin da kake so ya riƙe maka. Ingila ta buɗe wa 'ya'yan ƙasashen da ta mallaka ƙofar makarantunta don ta sami masu taya ta mulki, amma a Landan aka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma a 1925, wadda ta zama matattarar masu neman 'yanci. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk a Jami'ar Lincoln ta Amurka suka yi karatu, inda suka ga wariyar launin fata da idonsu. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano kuma a 1946. An aike su ne su koyo dabarun koyarwa, amma suka dawo da tambayoyi a kan yadda ake mulkin ƙasarsu. Malam Aminu bai daɗe da dawowa ba ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, sauran labarin kuwa kowa ya san shi.

Labarin Qian Xuesen ya fi wannan ban mamaki. Ya tafi Amurka a 1935 da kuɗin diyyar nan da muka ambata, ya zama ɗaya daga cikin ƙwararrun masana roka na ƙasar, har ya yi wa sojojinta aiki a lokacin yaƙi. A 1950 aka zarge shi da kwaminisanci, aka raba shi da aikin sirri, aka tsare shi na ɗan lokaci, aka kuma sa masa ido har shekara 5. A 1955 ya koma Sin da ɓacin rai, ya jagoranci aikin ƙera makamai masu linzami, wanda ya kai ƙasar ga harba tauraron ɗan Adam na farko a 1970. Abin da aka shuka cikin shekara 15 na karamci, wulaƙanci ya kwashe shi ya kai gonar abokin hamayya. Tarayyar Sobiyat ma ta ɗanɗana irin wannan. A watan Disamba na 1963, bayan an tsinci gawar wani ɗalibin likitanci ɗan Gana a wajen birnin Mosko, ɗaruruwan ɗaliban Afirka suka yi jerin gwano a dandalin da ke gaban fadar Kremlin suna kukan wariya, abin da ba a saba gani ba a ƙasar, labarin kuma ya zaga duniya.

Wani lokaci kuma shukar takan daɗe a ƙasa kafin ta tsiro. A watan Janairu na 1958 Amurka da Tarayyar Sobiyat suka sa hannu a yarjejeniyar musayar al'adu, kowace ta karɓi ɗalibai kimanin 20 daga ɗayar. Cikin waɗanda Mosko ta tura Jami'ar Columbia akwai Oleg Kalugin, wanda jami'in leƙen asiri ne, akwai kuma Alexander Yakovlev, amintaccen ɗan jam'iyya. Yakovlev ya koma gida yana sukar Amurka a rubuce-rubucensa. Amma bayan shekara kusan 30 shi ne ya zama na hannun daman Gorbachev wajen sassauta mulkin ƙasar da buɗe bakin jama'a. Duk wanda ke son ya ga ribar musayar ɗalibai cikin kasafin kuɗin shekara guda, bai fahimci irin itacen da ya dasa ba.

Idan aka tattara waɗannan misalai, abu uku ne ke yanke hukunci a kan ko kuɗin da aka kashe zai haifi aboki ko maƙiyi, ko kuma ya tafi a banza. Akwai irin tarbar da baƙo ya samu, don kuwa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Akwai hankalin ɗalibin kansa, ko ya tafi da idonsa a buɗe ko a rufe. Akwai kuma abin da ƙasarsa ta tanadar masa in ya dawo. Masar ta ba Tahtawi makaranta, Sin ta ba Qian ma'aikata, shi ya sa ilminsu ya zama na ƙasa.

A nan ne ya kamata mu dubi kanmu. Nijeriya ta taɓa sanin wannan hanya sarai. A 1976, shekarar da 'yan sandan mulkin wariyar launin fata suka buɗe wa yaran makaranta wuta a Soweto, Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun agaji don kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka ba da gudummawa daga albashinsu, aka kuma kawo matasan da suka tsero aka sa su a makarantu da jami'o'in ƙasar nan kyauta. A 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke riƙe da Ma'aikatar Harkokin Waje, aka kafa shirin tura ƙwararrunmu, malamai da likitoci da ma'aikatan jinya, su yi aikin shekara 2 a ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na tekun Fasifik. Waɗannan matakai sun sayo wa ƙasar nan martabar da babu jawabin da zai iya sayowa.

Abin takaici, a 'yan shekarun nan labarin ya sha bamban. A 2024 ɗalibanmu da ke karatu a ƙasashe irin su Rasha da Maroko a ƙarƙashin yarjejeniyar ilmi tsakanin gwamnati da gwamnati sun yi ta kukan cewa watanni sun shuɗe ba a biya su alawus ba, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatar da shirin. A 2022, da yaƙi ya ɓarke a Yukren, ɗaliban Afirka sun sha wuya a kan iyakoki har Tarayyar Afirka ta fito ta nuna damuwarta, a 2023 kuma sai da aka kwaso 'ya'yanmu daga Sudan a motocin safa zuwa iyakar Masar. A waɗannan lokuta ya bayyana cewa sanin ainihin yawan ɗalibanmu da inda kowannensu yake aiki ne da ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ɗalibin da ke yawo da yunwa a titin wata ƙasa shi ma jakada ne, sai dai saƙon da yake isarwa ba mai daɗi ba ne. A gida kuma, jami'o'in da ya kamata su cika da 'ya'yan maƙwabta sun shafe wata 8 a rufe a 2022 saboda yajin aiki. Wane uba ne a Maraɗi ko Garwa ko Njamena zai turo ɗansa inda ba a san ranar gama digiri ba?

Saboda haka muna kira ga gwamnatoci, ta tarayya da na jihohi, da kada su tura ɗalibi ko ɗaya sai an tanadi kuɗinsa daga ranar tashi har ranar dawowa. Gara a tura 10 a riƙe su da mutunci, da a tura 100 a bar su suna bara. Kowane gurbi da wata ƙasa ta bayar a dube shi da idon basira: me muke bukata, me su kuma suke nema, a ina bukatun biyu suka haɗu? A zaɓi fannonin da muke da giɓi a cikinsu, a kuma shirya wa kowane mai tafiya wurin aikin da zai dawo ya tarar, don kuwa likitan da muka haifa muka raina, wata ƙasa ta horar ta kuma riƙe, kyauta ce muka yi wa wanda ya fi mu wadata. Har ila yau, ya kamata a keɓe gurabe na dindindin a jami'o'inmu don 'ya'yan Nijar da Chadi da Kamaru da Binin da sauran ƙasashen Afirka, a kuma tabbatar an karrama su. Ɗan maƙwabcin da ya yi digiri a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ranar da ya zauna a teburin shawara a kan ruwan kogi ko tsaron iyaka, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ga ma'aikatan da sunayen ke bi ta hannunsu, muna tuna musu cewa amana ce babba. Duk ranar da aka cire sunan ɗan talaka mai ƙwazo aka sa na ɗan wane, ƙasa ce aka cuta, domin da wannan yaro za a auna mu a can. Fayil ɗin alawus da ya kwana a kan tebur sati biyu, a wajen ma'aikaci takarda ce, amma a wajen yaron da ke cikin sanyin Rasha abincin dare ne. Jami'an ilmi na ofisoshin jakadancinmu kuma su san ɗalibansu da suna, su riƙa ziyartarsu tun kafin masifa ta auku.

Ku kuma ɗalibai, ku sani cewa tafiya mabuɗin ilmi ce, amma ga mai lura. Da yawa daga cikin waɗanda za ku zauna da su ba su taɓa ganin ɗan Nijeriya ba, kuma da halinku za su yi wa mutum fiye da miliyan 200 hukunci. Ku koyi harshen masu masaukinku, ku shiga cikinsu, ku girmama dokokinsu, ku gode wa alherinsu. Amma godiya daban, miƙa wuya daban. Sun gayyace ku ne don amfanin ƙasarsu, wannan kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne ku manta da amfanin taku. Ku ɗebo abin da aka aike ku, ku dawo da shi gida kamar yadda magabatanku suka yi.

Ƙasashen da suka yi nisa sun daɗe da gane cewa ajin makaranta fage ne na hulɗar jakadanci, suna kuma shuka a cikinsa da haƙurin mai dashen dabino. Mun taɓa yin haka, muka kuma ga amfaninsa. Babu abin da zai hana mu komawa, in dai an riƙe alkawarin da aka yi wa yaran da muka tura, aka kuma gyara gida don yaran da muke so a turo mana. Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.